Gyada mai ɗaci da masarar da ta yi fumfuna: wai suya ba ta kashe gubar?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga likitoci da malaman gona na wannan zaure. Ana ta yawo da wani saƙo cewa gyada da masara in suka yi fumfuna suna fitar da wata guba mai suna aflatoksin, tana kawo kansar hanta, kuma wai ita ce ke hana yaranmu tsayi. Saƙon har cewa ya yi a daina ba yara kunun gyada. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, gyadar nan ai sai an soya ta, kunun ma sai ya tafasa. Wace ƙwayar cuta ce za ta sha wuta haka ta rayu? Gaskiya ne, ko irin tsoratarwar nan ce ta WhatsApp?

Dan_Dawanau:
Wa alaikumus salam. Hajiya sha kununki ki kwanta. Kakanninmu da gyada suka tashi, da ita aka yi dala a Kano har Turawa na ɗaukar hoto. Kullum sai an ƙirƙiro abin da za a ce yana kisa. Jiya manja, yau gyada, gobe kuma ban san me ba.

LikitanKarkara:
Alhaji Dan_Dawanau, a yi haƙuri, wannan karon saƙon yana da tushe, ko da yake an ƙara masa gishiri.

Hajiya Maman_Ilham, inda lissafinki ya kauce shi ne: ba ƙwayar cuta ake tsoro ba. Wuta tana kashe fumfunar kanta, amma gubar da ta riga ta zuba a cikin ƙwayar gyada ba abu ne mai rai ba, balle a kashe shi. Sinadari ne, kuma ba ya wargajewa sai zafi ya haura digiri 200 da nisa, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Suya mai kyau tana rage wani abu, tafasa kusan ba ta taɓa shi.

Fumfunar sunanta Aspergillus flavus, a ƙasar gona take zaune. A 1960 aka fara farga da gubarta, lokacin da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi diddigi aka tarar tunkuzar gyada ce da aka shigo da ita daga Burazil ake ba su. A 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, daga masarar da suka noma da hannunsu suka adana ba ta gama bushewa ba. A 2016 an sake yi a tsakiyar Tanzaniya, mutum 20 suka rasu. Wannan in an ci da yawa a lokaci guda ke nan, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura. Namu na kullum shi ne ɗan kaɗan-kaɗan na shekara da shekaru, wanda ba a ji a jiki sai hanta ta lalace.

Sani_MaiKaji:
Mu masu kaji ba sai an yi mana wa'azi ba. Ka sayi masara mai araha da damina ka niƙa musu, cikin kwanaki za ka ga ƙwai ya ragu, 'yan tsaki sun ƙi girma. Ka yanka ɗaya ka duba hantar, ta koɗe ta yi fari-fari, tana fashewa a hannu. Kaji sun fi mu saurin nunawa ne kawai.

Dan_Dawanau:
To ai kaza daban, mutum daban.

Zee_Biokem:
Baba Dan_Dawanau, hantar ce iri ɗaya a wannan aikin. Bari in ɗan faɗi abin da ke faruwa a ciki, don shi ne ya fi ba ni mamaki da muna aji. Gubar da ta fi muni a cikinsu ana ce mata B1, kuma yadda take shiga jiki ba ita ke yin ɓarnar kai tsaye ba. Hanta ce, garin ƙoƙarin sarrafa ta don a fitar da ita, take mayar da ita wani sinadari mai saurin kama abu. Shi kuma sai ya manne wa DNA, wato ma'ajiyar bayanan gado, na ƙwayoyin hantar. Akwai wani sashe na gado da ake kira p53, aikinsa shi ne tsayar da ƙwayar da ta lalace kada ta ci gaba da hayayyafa. Gubar tana yawan ɓata shi a wuri guda takamaimai, har masu bincike in suka ga wannan tabon a kansar hanta sukan gane aflatoksin ya bi ta wurin. An fi ganin tabon a kudancin Sin da Afirka.

Wani ɓangaren kuma yana manne wa furotin na jini ya zauna wata 2 zuwa 3, shi ya sa da ɗan jini kaɗan ake auna abin da mutum ya ci a watannin baya. Saniya in ta ci dusa mai gubar tana fitar da wani nau'insa a nono. Mai shayarwa ma haka.

Ummu_Sadiq:
Innalillahi. Har nonon uwa? To ina za mu sa kanmu?

LikitanKarkara:
'Yar uwa kada wannan ya sa ki yaye yaro. Abin da ke fita a nono kaɗan ne, kuma bincike ya nuna gubar ta fi hauhawa a jinin yara bayan an yaye su sun koma kan kunu da tuwo. Nono kariya ne a nan.

Abin da na fi so jama'a su riƙe shi ne haɗuwar gubar da ciwon hanta nau'in B. An bi dubban maza a Shanghai ana auna su. Wanda ke da alamar gubar kaɗai haɗarin kansarsa ya ninka kusan sau 3, mai ciwon hanta B kaɗai kusan sau 7, wanda ya haɗa biyun kusan sau 60. Mu kuwa ciwon hanta B ya yi mana yawa, da yawanmu ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Allurar rigakafinsa tana cikin alluran yara a Najeriya tun 2004, ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Wanda ya tsorata da wannan zance, ya fara da zuwa gwaji, ya kai jaririnsa allura.

Maman_Ilham:
Na gode likita. Amma maganar tsayin yara fa? Ita ce ta fi tsaya min a rai.

Bala_Samaru:
Wannan an tabbatar. A 2002 an auna yara 480 a Binin da Togo, kashi 99 cikin 100 akwai gubar a jininsu, kuma waɗanda suka fi tsumburewa su ne suka fi yawanta.

Malama_Rabi:
Malam Bala, binciken gaskiya ne, amma "an tabbatar" ya yi nauyi. Gidan da ke cin masara mai fumfuna shi ne dai gidan da ba ƙwai, ba nama, ba ruwa mai tsabta, yaro kullum cikin gudawa. In ka ga yaron gidan ya tsumbure, wanne za ka kama? Shi ya sa aka yi gwaji na gaske a Meru da Tharaka-Nithi a Kenya, aka buga sakamakon a 2018. An raba ƙauyuka gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A rabi ana auna masarar gida, in ta gurɓace a musanya musu da mai kyau. Gubar ta ragu a jinin yaran. A tsakiyar gwajin an ga alamar sun ɗan fi tsayi, amma da aka kai ƙarshe, yaran na dab da shekara 2, bambancin ya ɓace. An yi makamancinsa a Kongwa ta Tanzaniya da garin kunu mai tsabta, nan ma ba a ga bambancin tsayi ba.

Saboda haka maganar kansa a zaune take, hukumar binciken kansa ta duniya ta sa gubar a rukunin farko. Maganar tsayi kuwa har yanzu masana na ja-in-ja. Ni dai ba zan ce wa uwa ta hana ɗanta kunun gyada ba, alhali wataƙila shi ne kaɗai abin gina jikin da yake samu a rana.

Bala_Samaru:
Malama, raguwar da aka samu a jinin yaran Kenya ba ta kai ko rabi ba, don suna cin abinci a maƙwabta da kasuwa. Rashin ganin bambanci a irin wannan gwaji bai wanke gubar ba.

Malama_Rabi:
Bai wanke ta ba, bai kuma kama ta ba. Abin da nake faɗa ke nan.

Hajiya_MaiKuli:
Ku masu ilimi kun yi ta Kenya da Sin, bari in gaya muku abin da ke faruwa a tsakar gidanmu. In na sayo tiyar gyada na zuba a faranti, ina tsince ta kala uku. Manya masu sheƙi na 'yan soye ne, a ƙulla a leda. Matsakaita na kunu da miya. Sai na ukun: ƙanana, motsattsu, waɗanda suka fashe, waɗanda in ka ɓare za ka ga kore-kore ko baƙi a tsakiya. Su ba a zubarwa. Su ake soyawa a kai inji, a matse mai, a yi ƙuli da tunkuzar. Da yaji da gishiri ɗacin ya ɓuya. Ban ce kowa haka yake yi ba, amma duk mai sana'ar nan ta san akwai gyadar mai a kasuwa, kuma ta san dalilin arharta.

Zee_Biokem:
Mama, wannan da kika faɗa shi ne gaba ɗaya matsalar. Gubar ba ta rarrabu daidai a buhu ba, 'yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da kusan dukkanta, kuma yawanci su ne waɗannan na ukun. Tsincewa tana rage ta ƙwarai. Amma in an matse, mafi yawanta a tunkuza take zama, ba a man ba. Man kamfani da aka tace da sinadari kusan ba ya ɗauke da ita, na gida mai gurɓi-gurɓi yana iya ɗaukar wani abu. Ƙulin ne ke kwashe kaso mafi tsoka.

Abba_Fagge:
Wato yajin tsire ma ya shiga ciki ke nan. Ku bar mu da tsirenmu don Allah, shi kaɗai ya rage mana.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum. Mu nan wajen Maradi abin da munka lura, shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri gyada na ƙasa ba ta gama nuna ba, ita ce shekarar da ɗaci ya fi yawa. Ga gara tana huda kwanson. Shin akwai alaƙa ko idona ne?

Bala_Samaru:
Ba idonka ba ne Malam Issoufou. Mutane sun ɗauka a rumbu kawai abin ke farawa, alhali tun a gona ne. In fari ya kama gyada a makonnin ƙarshe, ƙasa ta yi zafi, kwanso ya tsage, shukar ta rasa ƙarfin kare kanta, fumfunar ta samu ƙofa. Gara da tsutsa suna ƙara buɗe mata hanya. Masara ma haka, duk inda tsutsa ta ci a goyon nan take fara zama. Daga baya in an shanya a ƙasa, ko ruwan ƙarshen damina ya daki tarin, sai ta ƙaru.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. Bayan farin 2012, a 2013 sai da aka yi rikicin aflatoksin a madara a Sabiya. Wani bincike na 2016 ya yi hasashen in zafin duniya ya ƙaru da digiri 2, masarar kudancin Turai za ta shiga irin matsalarmu.

Maganin da na fi gani da idona a gona shi ne Aflasafe, na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tare da masana aikin gona na Amurka. Dabarar tana da daɗin ji. A cikin ita wannan fumfunar akwai dangin da ba sa iya yin guba ko kaɗan. Sai aka tattaro irinsu guda 4 daga ƙasar gonakin Najeriya, aka shafa su a jikin ƙwayar dawa da aka gasa don kada ta tsiro, aka rina ta shuɗi don kada wani ya ci. Ana watsa kilo 10 a hekta, mako 2 zuwa 3 kafin masara ta yi fure. Kamar ka cika mota da fasinjan kirki ne tun a tasha, ɗan sane ya zo ya tarar ba kujera. Rahoton shekara 10 na gonakin manoma da aka fitar a 2019 ya nuna raguwar da ta kai kashi 80 cikin 100 zuwa sama.

Dan_Dawanau:
Malam Bala, wato in sayi fumfuna da kuɗina in watsa a gonata? To na ji. Tambaya ɗaya: buhun da aka yi wa wannan hidima, in ya zo kasuwa, nawa zan ƙara wa manomin a kai? Ni ba zan ƙara ko sisi ba, don wanda zan sayar wa ba zai ƙara min ba. Ana duba girma, ana duba haske, a ciji ɗaya a ji ta bushe. Shi ke nan ciniki.

Malama_Rabi:
Alhaji ya faɗi gaskiyar da ta fi ta ɗakin gwaji. A fanninmu na nazarin halayyar ɗan Adam an daɗe da lura cewa mutum ya fi tsoron abin da ke kisa farat ɗaya a gaban jama'a, fiye da wanda ya saba da shi a kwanon abincinsa, wanda sai bayan shekara 20 zai nuna. Wannan guba ba ta da wari, sau da yawa ba ta da ɗaci, hatsi na iya yin fes a ido alhali tana ciki. Abin da mai saye ba ya iya gani ba zai biya kuɗinsa ba, abin da ba a biya kuma manomi ba zai wahala a kansa ba. A Kenya an gwada, an ga manoma na sa wa masarar da suka noma da kansu daraja fiye da ta kasuwa, saboda sun san yadda aka shanya tasu.

Lokacin da aka yi shirin AgResults a Najeriya daga 2013, ana ba masu tara masara ƙarin kuɗi a kan wadda aka tabbatar an sa mata Aflasafe, manoma sun karɓa. Masu haɗa abincin kaji da kamfanonin abinci su ne ke nemanta, don su suna da abin awo.

Sani_MaiKaji:
Ka ji abin haushi. Kaza ta samu masara mai tsabta saboda mai ita yana lissafin ƙwai, ɗan mutum ya sha kunun ragowar.

Zango_Tamale:
Gaisuwa daga Ghana. Nan arewa an yi wani gwaji da manoman gyada, wasu aka ba su horo, wasu aka ba su tamfol kyauta, wasu aka yi musu alkawarin ƙarin farashi. Tamfol ɗin ne mutane suka fi kamawa. Ni a ganina ba sai an jira kamfani ba. A Gini ma, wajen Kindiya, tun 2005 aka nuna cewa tsincewa da hannu, shanya a tabarma, buhun algarara da ɗora buhu a kan katako sun rage gubar a jinin mutanen ƙauye da fiye da rabi. Ba inji, sai ɗan maganin ƙwari da aka haɗa musu da shi.

Issoufou_Maradi:
Buhun PICS fa, mai leda biyu a ciki? Mu da shi muke ajiyar wake, masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, nan Maradi sun yi aiki da yawa bisa kanshi.

Bala_Samaru:
Yana taimakawa, don in iska ta ƙare a ciki ƙwari na mutuwa, fumfuna ma ba ta yaɗuwa. Jami'ar Purdue ce ta ƙirƙiro shi, a Kano ma ana yin sa. Amma da sharaɗi: hatsin ya bushe tukuna, masara ta sauka ƙasa da kashi 13 na laima. Kuma ba ya cire gubar da ta riga ta shiga. Ga gwajin da nake koya wa manoma: ka samu kwalba busasshiya, ka zuba masara kamar sulusinta, ka ƙara cokali 2 ko 3 na gishirin da ka shanya ya bushe sarai, ka rufe ka girgiza, ka ajiye ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, mayar da masararka rana.

Abba_Fagge:
Tunda an zo kan wake, ba saboda wannan gubar Turai ta hana waken Najeriya shiga ba?

Bala_Samaru:
A'a, wancan na 2015 maganin ƙwari ne da ake zuba wa wake a ajiya. Matsala ce daban. Amma gyada tana shan nata: Turai ba ta karɓar wadda za a ci kai tsaye in gubar da ke cikinta ta wuce kashi 4 cikin biliyan, Amurka 20.

Dan_Dawanau:
To kun gani. Su suka sa ƙa'idar da suka san ba za mu iya ba, da haka aka kashe mana dalar gyada.

Tsohon_Akawu:
Alhaji, ni na ga dalar da idona, kuma ba ƙa'idar Turai ce ta rushe ta ba. Farin farkon shekarun 1970 ya zo, kuturun gyada ya biyo baya a 1975 ya cinye gonaki, kuɗin fetur ya shigo gwamnati ta juya wa noma baya. Kuma kakannin da kake cewa sun ci sun zauna lafiya, nawa ne cikinsu ya kumbura suka tafi aka ce sammu ne ko shawara? Wa ya auna?

Zee_Biokem:
Akwai wani aikin da ya burge ni: a 2017 a Arizona an samar da masarar da ke aika wa fumfunar wani ɗan saƙon gado ya kashe mata hanyar yin guba. Fumfunar ta hau, amma ba a samu gubar a ƙwayar ba. Cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT ma ta yi irinsa a gyada. Suna matakin gwaji dai.

Ummu_Sadiq:
Irin da aka sauya wa halitta kuma? Mu gudu daga wannan mu faɗa wancan? Ni ban yarda da shi ba.

Abba_Fagge:
Kada a buɗe wannan babin yau don Allah, wancan makon har fita wasu suka yi daga zauren.

Maman_Ilham:
To ni yanzu abin da na tsinta: in sayi gyada tsaba in tsince da kaina maimakon markaɗaɗɗiya, in surfa masara in wanke in zubar da mai tasowa saman ruwa, in riƙa sauyawa da gero. Haka ne?

LikitanKarkara:
Haka ne Hajiya. Surfe na ragewa, gero da dawa kuma yawanci ba su kai masara da gyada ɗauka ba. A Qidong ta Sin, da mutane suka koma cin shinkafa maimakon masara a shekarun 1980, mace-macen kansar hanta sun ragu sosai tun kafin allura ta kai ga manya. Sai dai dusar da kika surfe, in kika ba akuya mai nono ko kaji, kin san inda ta nufa.

Hajiya_MaiKuli:
To ni ba a ba ni amsa ba. Na tsince na ukun, in yi yaya da ita? Kun ce kada a yi ƙuli, kada a ba kaji, kada a ba akuya.

Bala_Samaru:
A ƙa'ida a ƙona ta ko a binne da zurfi, Hajiya.

Hajiya_MaiKuli:
In binne gyadar da na saya da kuɗina, a wannan tsadar? In na binne tawa maƙwabciyata ba za ta binne ba, ƙulinta ya fi nawa araha, yara su wuce ƙofata su je tata. Ku kawo wanda zai saye ta a hannunmu ya san yadda zai yi da ita, sai mu yi magana.

Sani_MaiKaji:
Ni dai kada a kallo ni.

Ummu_Sadiq:
Barkono fa? Na sayi busasshe, da na fasa wasu na ga toka-toka a ciki.

Zee_Biokem:
Shi ma yana ɗauka Anti, musamman wanda aka shanya a bakin titi. Ware waɗanda suka yi haka kafin ki kai niƙa.